Ranar Da Na Riƙe Wa Haruna Riga

Ban taɓa mantawa da ranar da aka miƙa wa Haruna kyamara a gabana ba. Bayan yaƙin duniya na biyu ne, muna aiki a sashen majigi na gwamnatin Turawa, masu ɗaukar fim ɗin wayar da kai ana nunawa a ƙauyuka. Ni ne mataimaki na ɗaya kuma tafinta. Haruna, mutumin Kiyawa, shi ne na biyu, na riga shi kama aiki da shekara huɗu.

An tura mu wani ƙauye a gindin duwatsun Dutse mu ɗauki masu ginin rijiyar siminti. Da safe zazzaɓi ya kayar da Baturen da ke shugabantarmu. Daga kwance ya ce Haruna zai ɗauka. Da bakina na fassara masa.

Kyamara tana da ƙofar haske da ake buɗewa ko a matse, Bature kuma ya rubuta lambar da za a tsaya a kai. Da lambar nan fararen kaya kan fita tas, fuskokinmu kuwa baƙi ƙirin, sai haƙora. Haruna ya buɗe ƙofar ya wuce lambar, sannan ya juyo gare ni.

"Yaya Sule, don Allah ara mini farar babbar rigarka. Ka riƙe ta can, ta maido haske fuskarsu."

Na tuɓe a gaban dagaci, na tsaya da 'yar shara, hannuwa sama kamar mai shanya, mata masu ɗiban ruwa suna rufe baki.

Da muka koma na shiga wajen Bature. "Ranka ya daɗe, ya saɓa lambarka. Ina jin fim ya ɓaci."

Ya ce in ya ɓaci, a bakin aikin Haruna. A lokacin matar Haruna ba ta yi arba'in da haihuwa ba. A Ingila ake wanke fim, sai da ya yi wata uku. Duk tsawon nan kwano ɗaya muke ci, ni kuwa ina fatan ya dawo a ƙone.

Da ya iso, muka rufe tagogin ofis da tsakar rana aka kunna. Sai ga fuskar wani tsoho cikin maginan rijiyar a bango: gumi, zanen kumatunsa, har furfurar gira. Bature ya ce in gaya wa Haruna ya nuna masa yadda ya yi.

Aka tura Haruna Ikko kwas. Daga baya da wuya ka sami mai ɗaukar fim a Arewa da bai bi ta hannunsa ba. Ya san ni na kai shi ƙara, bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Ku da kuke shigowa sana'ar nan yanzu, lamba kowa na iya haddace ta. Shekara huɗu ina kallon fuskokin mutanena a duhu, ban taɓa tambayar dalili ba. Shi ya tambaya. Har na yi ritaya abin yana cin raina, alhali ba abin da ya yi mini.