Hoton Guduma a Jikin Kankare

A layinmu babu wanda bai san Baba Mai Ƙusa ba. Magini ne, shekara talatin da 'yan kai yana hawa bene yana sauka, har tafin hannunsa ya yi kaushi kamar bulo. Sunan kuwa wata ɗabi'arsa ce ta jawo masa. Duk ranar da aka zuba rufin kankare, kafin siminti ya kama, sai ya zaro ƙusa daga aljihu ya zana ɗan hoton guduma a gefe, ya rubuta kwanan wata a ƙasa. Daga ranar yake ƙirga kwana ashirin da ɗaya kafin a cire sandunan da suka tokare rufin.

Matarsa takan zolaye shi, "Malam, gidajen mutane duk ka sa musu hannu, mu kuwa ɗakinmu sai yoyo."

Sai ya ce, "Ke dai tara kwano a wurin, uwar yara. In na mutu, jikokina su zaga gari su ga inda kakansu ya taɓa."

To, ana nan ya sami aikin wani bene mai hawa uku. Kwana tara da zuba rufin farko, ɗan kwangila ya iso. Ko fitowa daga mota bai yi ba, gilashi kawai ya sauke.

"Baba, a kwance sandunan nan yau, ana jiransu a ɗaya wurin aikin."

"Yallaɓai, kwana tara fa! Kankaren nan ko yaye shi ba a yi ba."

"Injiniya ya ce ba komai. Ko kai ne injiniyan yanzu? In ba za ka iya ba, magina sun cika gari."

Injiniyan nan kuwa tun ranar haƙa harsashi ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Sai Baba ya juya ya ce wa leburori su kwance. Washegari da hantsi rufin ya rufto a kan mutum biyu. Ɗaya ya rasa ƙafa, ɗaya ya bar marayu huɗu.

Da aka gurfanar da Baba a kotu, na je da kaina. Ɗan kwangila ya rantse bai faɗa ba. Injiniya ya ce a nuna takardar da ya sa wa hannu, babu. Leburorin da suka ji maganar sun riga sun koma aiki wurin ɗan kwangilar, suka ce ƙarar injin kwaɓa siminti ta hana su ji. Sai ga 'yan sanda huɗu sun shigo da wani ɓangaren kankaren rufin suna nishi.

Lauya ya nuna hoton gudumar. "Zanen wane ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Kwanan watan fa?"

"Ni na rubuta."

"Ashe ka san kwana tara ne, kuma ka sa aka cire."

A duk ginin nan, rubutun da aka samu ke nan. Alƙali ya ba shi shekara biyar.

Benen yanzu an gama shi, an shafa masa fenti, har da masu haya. Jiya na raka matar Baba ziyara gidan yari. Ya rame, hannun nan ya yi laushi. Abin da ya fara tambaya shi ne ko an gyara rufin ɗakinsu kafin damina.

Ta ce, "An gyara, Malam."

Da muka dawo gida, na taya ta kwashe kwanukan da suka cika.