Makon da Aka Kashe Mini Tukuba

Ko tsufa ya cinye mini komai, ba zai cinye makon da dattawan Zangon Wagadugu suka kama ni da laifin turnuƙe gari ba. Ni mai tsire ne, tukubata na bakin masallaci tun kafin babura su cika titi.

Bayan kaka ne, wata shekara a farkon dubu biyu. Muka tashi sama ta yi toka-toka, rana ja kamar an ɗora tumatir a kan rufi. Ba ƙura ba ce, don ƙura ba ta ƙauri. Ido na yaji, maƙogwaro na ƙaiƙayi, liman ya yi tari sau uku a Fatiha guda.

Akwai wani Alhaji Bakano mai shadda, irin mutanen da in sun yi atishawa ake cewa sun yi gaskiya. Ya shinshina bandir ɗinsa, ya ɗago ya hango ni. Bayan la'asar aka kira ni gaban dattawa.

"Kai ne ka ishe mu," in ji shi. "Shaddata duk ƙauri."

Na ce, "Alhaji, itace uku nake hurawa. Daga unguwar Dapoya har ta Cissin tari ake. Ni ɗin jahannama na buɗe?"

Aka ce na yi rashin kunya, in kashe wuta sai an ga hali. Raina ya ɓaci matuƙa, ga iyali, ga nama na saro. Amma baƙo ba ya ja da masu masallaci. Na yayyafa ruwa a tukuba ina ji kamar a cikina nake zubawa.

Kwana uku ba wuta, hayaƙi sai abin da ya ƙaru. Sai Alhaji ya kawo dabara: kowane gida a banka turaren wuta a kori ƙaurin. Mata suka fito da kasko, Zango ta koma ɗakin amarya. Hayaƙi ya sami ɗan'uwa. Washegari matar Alhajin da kanta numfashi ya sarƙe mata, kuma ni da ba ni da aikin yi, ni na samo motar da ta kai mu asibitin unguwa, ni da ita da Alhajin.

Majo, wato babban mai jinya, ya saurari labarinmu ya riƙe baki. Ya ce daji ne ke ci can gabas, iska ke ɗauko hayaƙin. Tokar takan faɗi a hanya, amma ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani suna iso gari, su haɗu da hayaƙin babura, rana ta dafa su, su shige huhu. "Ku kuma kuka ƙara da turare? Sannunku da magani."

Direban da ya kawo mu, mutumin Nijar ne mai bin hanyar garin Fada can gabas, sai ya sa baki. "Wallahi gaskiya ne, Majo. Jiya wuta dama da hagu, mafarauta na korar gafiya, manoma na share gona. Alhaji, har gonarka na gani tana ci, yaranka sun ce kai ka aiko a ƙone."

Alhaji ya duƙa yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Hajiya ta warke, alhamdu lillahi. Ba wanda ya ba ni haƙuri. Ranar Juma'a dai Alhaji ya tsaya gaban tukubata a sanyaye ya ce, "Yau ba tsire ne?" Na ce, "Ana jiran izinin shadda." Ya wuce, ni kuma na hura wutata.

Abin da na koya ke nan: in masifa ta taso daga nesa, mutane kan bar jaki su daki taiki. Tun daga lokacin, duk wanda na ji an taru a kansa, nakan fara tambaya ko shi ma itace uku gare shi.