Rumfar Jarkokin Inna

A bayan ɗakin Inna, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Tarka, akwai wata rumfar kara da ba mai zama a ƙarƙashinta. Jarkoki ne a ciki. Akwai manya masu ruwan ɗorawa na man girki, waɗanda kowa ke ce wa bido, akwai ƙanana farare, ga gorunan lemo, ga robobin man shafawa masu murfi. Duk a wanke suke, kuma babu komi a cikinsu. An zura igiya ta hannuwansu an rataye su jeri-jeri. In iska ta taso daga kwari bayan azahar, sai ta riƙa shiga bakinsu tana fita, kowace da irin kukanta. Manyan suna gunji ƙasa-ƙasa kamar shanu daga nesa, ƙananan suna fito. Ina yarinya nakan ja tabarma kusa da wurin in rufe ido, rana tana ratsa robar tana zubo mini wani haske mai ɗumi a fuska, har barci ya ɗauke ni ban sani ba.

Ni ce ɗiyarta ta fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke," take cewa, "miƙo mini toka." Da toka da yashi take wanke jarka, ta girgiza, ta zubar, ta sake, ta kai hanci bakin ta shinshina, sai ta daina jin warin mai sannan ta rataye. In muna dawowa daga kasuwa ta hango gora a yashe a gefen hanya, sai ta sauke kayanta ta je ta ɗauko. Abin da ke ba ni mamaki shi ne baƙar leda ba ta dame ta ba. Tana juye gishiri za ta saki ledar iska ta tafi da ita, ta je ta maƙale a ƙayar aduwa tare da ƴan'uwanta, Inna ko waiwaye ba ta yi.

Ina da shekara bakwai aka kai ni Tanout wurin ƙanwar mahaifina don in shiga lakwal, wato makarantar boko. Daga nan sai Damagaram, daga baya na dawo Tanout ina koyarwa. Gida kuwa sai lokacin hutu. A shekarun nan idona ya sauya. Ina koya wa yara tsabta da yadda sauro ke hayayyafa a cikin ruwan da ya kwanta, in na zo gida kuma sai in ga rumfar nan cike da tarkace. Kunya take ba ni.

Wata shekara da damina ta makara har na zo hutu, ana dab da faɗuwarta, Inna ta tafi suna wani ƙauye za ta kwana biyu. Na shiga rumfar da tsintsiya, na ɗaga wata jarka sai ga kunama a ƙarƙashi. Shi ke nan na yanke shawara. Ranar kuwa akwai wani mai amalanken jaki da ke bi ƙauye-ƙauye yana karɓar tsofaffin robobi yana ba da sabbin kaya. Na kira shi, na kwance igiyoyin duka, ya loda har sai da ya ɗaure da ƙyar, ya ba ni sabon baho shuɗi. Na share wurin, na yayyafa ruwa, na shimfiɗa tabarma. A zuciyata na sama wa Inna inuwar hutawa.

Da ta dawo ta tsaya a bakin rumfar, ƙunshinta yana bisa kai. Ta daɗe a tsaye. Iska tana kaɗawa amma wurin tsit.

"Wuri ya yi kyau," in ji ta.

"Inna, ga baho na karɓo miki."

"Allah ya yi albarka."

Ba ta zauna a tabarmar ba.

Kwana uku bayan haka hadari ya fara haɗuwa ta gabas, makiyaya suka soma wucewa arewa da dabbobinsu. Da hantsi na ji sallama a ƙofar gida. Na leƙa ta jikin danga, sai na ga wata tsohuwar Bafillata, doguwa siririya, riƙe da igiyar jaki. Suka gaisa da Inna gaisuwa mai tsawo, ta mutanen da suka shekara ba su haɗu ba, aka tambayi shanu, aka tambayi gero, aka tambayi gwiwoyi.

Sai tsohuwar ta yi murmushi ta ce, "To ƙawata, ina bidona na bana? Na bara ya tsage a rijiya."

Na ga Inna ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na lafe a bayan ɗaki, na kasa fitowa. Can sai ta miƙe ta nufi gindin bishiya inda jarkarta ta ruwan sha take, wadda ta ɗinke da buhu tana jiƙawa don ruwa ya yi sanyi. Ita kaɗai ce jarkar da ta rage a gidan. Ta juye rabin ruwan a randa, ta bar rabi, ta ɗaure ta a jikin jakin da hannunta.

A makon nan mata suka yi ta zuwa, Fulani da Buzaye, wata tana son gorar da za ta zuba man shanu, wata robar maganin yaro, wata bido. Ashe kowace shekara haka ake yi, ni ce ban sani ba don lokacin ina makaranta. Inna ta shige ɗaki ta ce, "Ke, fita ki ba su haƙuri." Haka na riƙa tsayawa a ƙofa ina cewa bana babu, suna cewa ba komi, Allah ya kai mu baɗi, suna juyawa. Wata ma har ta tambaye ni ko uwar gidan ba ta da lafiya ne.

Wata la'asar muna zaune tana tsintar wake a faifai, na ce, "Inna, ki yafe mini. Ban san na mutane ba ne."

"Ba na mutane ba ne tun farko," in ji ta. "Nawa ne."

Ta ci gaba da tsinta, tana magana kamar da waken take. Ta ce shekarar da nake goye rijiyar ƙauye ta ƙafe, sai can cikin kwari ake samun ruwa. A fita da sassafe, a dawo rana ta take. Wata rana ta ɗauko tulu a kai, ni a baya, ta yi tafiyar nan duka har tana hango rumbunan gari, sai ta yi tuntuɓe da saiwa. Tulun ya faɗi ya rabe biyu.

"Na tsaya ina kallon ƙasa tana sha," ta ce. "Kafin in durƙusa ta gama. Ke kina ta kuka, muryarki ta dushe. Na dangwala bakin zanena a inda ya jiƙe na matsa miki a baki, yashi ne ya fi yawa."

Tana nan durƙushe sai ga wata Bafillata da jaki, jarka biyu a rataye. Ba ta tambayi komi ba. Ta kwance ɗaya ta ajiye a gaban Inna, ruwa da jarkar duka, ta kaɗa jakinta ta wuce.

"Ita ce wadda ta zo rannan?"

"Ita ce. Sai bayan shekara huɗu na sake ganinta a kasuwar Tarka, na riƙe mata hannu." Ta busa ƙaiƙayin da ke faifan. "Tun daga ranar nan, in na ga abu mai murfi a yashe sai in ji maƙogwarona ya bushe. Na yi ta tarawa har suka yi mini yawa. Da mutane suka fara tambaya sai na ji daɗi, na samu abin faɗa wa mahaifinki in ya yi ƙorafi."

"To leda fa, Inna? Ita kina sakinta."

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara. "Leda za ta kai ruwa gida?"

Da hutu ya ƙare na koma Tanout na shiga neman jarkoki. Na bi gidajen malamai ƴan'uwana, na bi masu tuyar ƙosai da masu shaguna. Wasu suka ba ni, wasu suka ce su ma suna da amfani da su, a nan na lura ba gidan da ba shi da ɗan lungun da ake tara irin waɗannan. Abin da na samu nakan ɗaure in ba motar kasuwa. Inna ba ta karɓi duka ba. Wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari, shinshinawa ɗaya take yi ta ware ta gefe. Na roƙe ta abu guda, ta riƙa rufe su ko ta kife saboda sauro. Ta ce ta ji. Ta rufe mafi yawa, ta bar uku a buɗe can sama inda ruwa ba ya shiga, ba ta kuma ce ga dalili ba, amma in iska ta taso su ne ke kuka kamar da.

Bayan an yanke gero makiyayan suka gangaro kudu, suka sauka a gonarmu shanu suna cin kara. Na zo gida wata Asabar na tarar da tsohuwar Bafillatar zaune da Inna, ƙwaryar nono a tsakaninsu. Ba wata hira suke yi ba. Wannan ta kurɓa ta miƙa wa waccan, suna kallon ƙurar da shanu ke tayarwa a hasken yamma. Na durƙusa na gaishe ta. Ta kama haɓata ta ɗaga fuskata, hannunta yana ƙanshin hayaƙi da man shanu, ta daɗe tana dubana.

"Wannan ce mai kukan nan?"

"Ita ce," in ji Inna.

"Kai, ranar nan na ce ba za ta yi rai ba." Ta sake ni, ta gyara zama. "An ce ke malama ce yanzu. To ki duba mini wani kati na allurar jikata, an rubuta ranar komawa, ba wanda ya iya karanta mana."

Ta kwance bakin zanenta ta fiddo wata ƴar robar alewa mai murfi, ta buɗe. Katin yana ciki a naɗe, bai jiƙe ba duk daminar nan. Na karanta mata, saura kwana tara. Ta ce to sai su ƙara mako a gonar, Inna ta ce su ƙara biyu ma, karan bai ƙare ba.