Bangon da Awaki Suke Lasa

Zalihatu ta yi shekara ashirin da bakwai tana buga takardu a wani buro, wato ofis, a Dogon Dutsi. Mafi yawa takardun haihuwa ne, kuma da wuya ta buga suna ba ta tambayi mai shi inda ya samo shi ba. In layi ya yi tsawo, abokan aiki sukan ce, "Madam, bari sai ya dawo karɓa." Da ta ajiye aiki, mijinta ya riga ya rasu, 'ya'yanta duk suna Yamai, sai dangi suka tuna mata da gidan kakanta Is'haƙa falke a Matankari, wanda ba a sake kwana cikinsa ba tun tana budurwa.

Gidan ƙasa ne mai zaure biyu da ɗakuna shida, rabinsu rufin ya rufta, sauran jemagu sun gaje su. Ta je ne don ta duba ta koma da la'asar. Awaki suka tsayar da ita. A bayan gidan ta tarar da wajen guda goma sun jeru suna lasar bango ɗaya, har sun yi masa rami kamar cikin akushi. Ta tambayi maƙwabta. Suka ce tun da suka yi wayo haka suke gani, kuma an ce doguwa ce ke kiran su.

Ta kwana uku wajen 'yar ƙanwar babanta tana zagaya gidan. A kwanakin ta ga masu allurar dabbobi sun shimfiɗa tabarmi a tasha saboda ba su sami masauki ba. Nan ta yanke shawarar ta gyara gidan ya zama wurin saukar baƙi.

Maginin da aka haɗa ta da shi, Malam Mahamadu, ya yarda da komai ban da wannan bangon. Ita kuwa ta auna shi da ƙafa. Daga waje taku goma sha huɗu, daga ciki taku goma.

"Malam, taku huɗu sun ɓace."

"Hajiya, in sun ɓace a bar su. Ni ba ni taɓa shi sai an tambayi masu abin."

Suka tafi wajen Inna Hasiya, tsohuwar 'yar bori wadda ta yi ɗibar ruwa a gidan tana yarinya. Ta saurare su, ta yi dariya har da tari.

"Doguwa mi za ta yi da ɗakin da ba taga? Ɗiyata, ni ban san abin da ke ciki ba. Ku buɗe, amma kada ku fara sai na zo. Shekara sittin ina wucewa ina son in sani."

Da hantsi aka kawo ta a amalanken jaki, aka aje mata kujera. Mahamadu ya yi bisimilla ya sa dagi. Bayan tubali na biyar iska mai sanyi ta fito, ba wari. Zalihatu ce ta fara leƙawa. Ɗan ɗaki ne, bangonsa fari fat kamar an barbaɗa gari, ƙasa kuma ragowar tabarmin kaba da wasu dunƙule-dunƙule masu toka-toka. Ta lakato ta ɗora a harshe.

"Gishiri ne!"

Inna Hasiya ta karɓa ta ɗanɗana. Sai ta ce ta tuna jakuna suna shigowa daga Foga, ƙasar gishiri, da kaya a naɗe cikin kaba, tsoho Is'haƙa yana tsaye a ƙofa da sanda. Dalilin toshe ɗakin ne ba a samu ba. Wani dattijo ya ce ɓoye wa Nasara aka yi, wani ya ce rigima ce tsakanin Is'haƙa da ƙanensa. Zalihatu ta bi mutum bakwai, ta sami labari huɗu, ta rubuta duka a littafi ba ta zaɓi ko ɗaya ba.

Mahamadu ya ce gishiri ya cinye bangon, ba yaɓen da zai kama, a rushe shi. Ta ce a tokare shi ta ciki, a bar wa awaki wajensu. A kan rufi kuma ita ce ta sha kaye. Ta so a sa kwano don a gama da wuri, ya sa ta zauna da azahar a shagon maƙwabci mai rufin kwano, sannan ta dawo zaure. Ba ta sake tayar da maganar ba. Aka nemo azara, aka kwaɓa ƙasa da ciyawa, aiki ya ci rani biyu. Ɗakuna huɗu suka tashi, da wutar sola da randa a kowace ƙofa.

Baƙuwar farko Odile ce, ungozoma daga Dogon Dutsi da aka turo aikin mako guda. A rana ta biyu ruwan farko ya sauka da yamma, rufin ɗakinta ya yi yoyo daidai kan katifa. Zalihatu ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Odile ta ja gadon da kanta, ta tara roba, ta ce a gidansu ma haka ake yi duk shekara.

Washegari Zalihatu, mai shekara sittin da biyu, ta ɗaura zane ta hau tsani bayan Mahamadu, yana ta cewa ta sauka. Suka tarar tsuntsu ya yi sheƙa cikin indararo har ta toshe hanyar ruwa, da ƙwai uku a ciki. Mahamadu ya miƙa hannu zai cire ta, Zalihatu ta riƙe shi. Aka huda wata hanyar ruwa a gefe, aka mayar da Odile ɗakin gabas, wancan kuma aka rufe shi har ƙwan suka ƙyanƙyashe.