Yauƙin Gwiwa

Gwiwata ta dama ce ta fara ciwo, tun muna Kiyawa. Da muka dawo Yalwawa, wajen babban ɗana, sai ta kai in na durƙusa ba na iya tashi. Aka sayo mini kujerar roba, a kanta nake sallah. Malamai sun ce ya halatta, ban musa ba. Amma ni da na girma goshina yana taɓa ƙasa, nunin da nake yi da kai bai taɓa isata ba.

Na sha saiwa, na shafa man shanu, an yi mini ƙaho. Daga baya ɗan nawa ya kai ni asibiti a nan Dutse. Likitan ya matsa gwiwar, ya ce, "Mama, kowace gaɓa tana da yauƙinta, shi ke hana ƙashi gugar ƙashi. Naki ya tsinke. Akwai allurar da ake ƙara shi."

Na ce, "Ɗan nan, yauƙi za ka ɗura mini? Ai da ka faɗa na taho da kuɓewata."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na tsare shi da ido, na ce ya gaya mini gaskiya, za ta warke? Ya ce a'a. Abin da ya cinye ba ya dawowa, wasu suna samun sauƙi na watanni, wasu ko kaɗan. Wannan maganar ce ta sa na miƙa ƙafar, don duk masu maganin da na gani a baya rantsuwa suke yi mini.

Da farko kumburi ta yi, har na yi wa ɗan nawa faɗa. Sauƙin a hankali ya zo, bayan makonni, kuma bai kore ciwon duka ba. Maƙwabciyata da aka yi wa irin allurar ba ta ga komai ba, har yau tana mita.

Wata la'asar na ture kujerar, na dafa bango na sauka. Na daɗe a sujada. Surukata ta leƙo, ta zaci na maƙale.

"Inna, in ɗaga ki?"

Sai da na sallame na ce mata, "Ke, da Ubangijina nake magana, godiya ce ta taru. Yanzu zo ki kama ni, tashin ne da saura."