Garkar da na bayar har da akuya

Ko tsufa ya kwashe mini hankali, ba zan manta ranar da aka raba garake a wani kwari kusa da Gure ba. A ranar na tafka wautar da har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Lokacin na shekara tara ina tuƙa baƙi, Nasara da Shinuwa, wato 'yan ƙasar Sin. Abokan aikina sun dawo gida da mota, ni kuwa camfin mutane na kwaso. Wurin Nasara na koyi cewa sha uku masifa ce. Wurin Shinuwa na ji huɗu mutuwa ce, takwas kuwa arziki. Na haɗa da namu na gida, na kan zauna a bakin kasuwa ina yi wa jama'a bayani kamar wani shehi.

Bayana ya gaji da hanya, kuma na yi wa matata alkawarin zan ajiye tuƙi in ga girman 'ya'yana. Sai ga wani furoje, wato shirin raya karkara, ya gyara kwarin, aka yanka shi garka-garka, aka zuba lambobi cikin hula. Na zura hannu da bisimilla, na ciro sha uku.

Kusa da ni akwai wata tsohuwa mai riƙon jikoki marayu. Ta miƙo mini takardarta in karanta mata. Takwas!

Na ce, "Inna, mu yi musanya mana."

Ta ce, "Ɗana, ka je ka ga taka kuwa?"

"Ba sai na gani ba, Inna. Ni na zaga duniya."

"To, ni ban zaga ba. Bari in je in taka."

Ta dogara sandarta ta zagaya duka biyun, tana tona ƙasa da hannu tana ɗanɗanawa. Da ta dawo ta ce, "Tsakani da Allah taka ta fi tawa. Kada gobe ka ce na cuce ka." Ni a wayona na ɗauka ciniki take ja, sai na ƙara mata da akuya, muka yi musanyar. Ku lura fa, a zuciyata masifa nake miƙa wa tsohuwa da marayu, amma ko ɗar ban ji ba.

Takwas ɗin arzikin tana gindin tudun rairayi, ƙasarta duk kanwa. Albasar da na dasa ta ƙone tun tana jaririya, shekara ta biyu rairayi ya binne shingen. Sha uku kuwa, kamu biyu za ka haƙa ruwa ya taso. Rogo da tumatir har jaki ke ɗauka.

Dole na koma tuƙi, shekara shida cur. Wata rana na shigo gida da ƙurar hanya, autata ta ruga bayan uwarta tana cewa, "Ga wani mutum ya shigo mana!" Matata ta kawo mini ruwa kawai, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya shi ne lamba ba ta taɓa cutar kowa ba. Abin da ya ci ni raina ilimin wadda ta san ƙasarta ne, da kuma son tura wa mai rauni sharrin da nake gudu.