Ƙarfin Shan Mama

Sumiyati tana da shekara arba'in da shida, tara daga ciki tana aikatau a gidan Szeto, hawa na shida a wani tsohon bene da ba shi da lifta a unguwar Sham Shui Po ta Hong Kong. Daga tsibirin Jawa na Indonesiya ta zo. Aikinta kula da uwar maigidan, wadda take kira Kaka. Tsohuwar ba ta sake taka ƙasa ba tun da ta faɗi a banɗaki bara.

Talata da Juma'a ake kai Kaka asibiti a gasa mata ƙafa. Matakala ɗari da huɗu ne. A da maigidan ne ke ɗaukarta, sai bayansa ya riƙe. Ya ce in ba mai iyawa, dole a kai ta gidan tsofaffi. Kaka ta kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba.

Sumiyati ta ɗauko zanen da ta goyi 'ya'yanta da shi a ƙauye, ta goya tsohuwar. Sauka ta zo da sauƙi. A dawowa, a hawa na huɗu, gwiwoyinta suka ƙi.

"Ke Yati, nan za mu tare?" in ji Kaka daga bayanta.

"Kaka, kullum ki ce ba kya cin abinci. Wannan nauyin daga ina?"

"Ƙashi ne, ja'ira. Fito da ƙarfin shan mama!"

"Ƙarfin me?"

"Shekara tara a Hong Kong, ba ki san wannan ba? Haka muke cewa. Jariri in ya kama mama, kin taɓa ganin ya rage ƙarfi don gobe? Har gumi yake yi."

Sumiyati ta jingina goshi da bango. Ta san gumin. Autarta ba ta daɗe da yaye ba ta baro ta.

"Nawa ya ƙare tun a hawa na biyu, Kaka."

"To ari nawa. Ni me nake yi da shi?"

Suka hau.

Wata biyar ke nan. Yanzu sau uku take tsayawa a hanya, tana ɗaure gwiwar hagu kafin su fita. Jiya Juma'a maigidan ya same ta zaune a bakin ƙofa tana shafa man zafi, ya tambaye ta tsakani da Allah ko za ta iya ci gaba. Ta ce Talata mai zuwa dai za ta iya, ta tashi ta ɗora shinkafa.